Furen Wardi Ba Shi da Laifi a Murar Bazarar Landan

Duk shekara, da zarar sanyin hunturu ya ja baya a Landan, jama'a kuma suka fara tururuwa zuwa Regent's Park, wannan makeken lambu mai faɗin eka 410 da ke maƙwabtaka da babban masallacin birnin, sai wata tsohuwar magana ta sake tasowa tsakanin baƙi masu zuwa hutu ko neman ilmi, wai ƙanshin wardi ne ke sa mutum atishawa da hawaye da ƙaiƙayin ido, har ka ga magidanci ya fito daga sallar Juma'a da iyalinsa ya hana yara kusantar gonar furanni ta Sarauniya Mary, sa'an nan ya shimfiɗa musu darduma a tsakiyar ciyawa, ya zauna yana murna ya tsere wa cuta.

Alal haƙiƙa zaton nan yana da mafari, domin itatuwan wardi kimanin 12,000 da ke gonar sun fi cika da fure a farkon watan Yuni, daidai lokacin da murar ke tsananta. Amma haɗuwar abu biyu a lokaci guda ba hujja ba ce cewa ɗaya ne sababin ɗaya. Allah cikin hikimarsa ya kasa tsirrai gida biyu wajen barbara. Masu launi da ƙanshi, irin su wardi, garin furensu mai nauyi ne, mai danƙo, ba ya barin fure sai a jikin zuma da makamantanta, ƙanshin ma don kiran zumar aka yi shi. Ciyawa kuwa, da manyan itatuwan inuwa waɗanda furensu ba ya ɗaukar ido, ba su da ɗan aike sai iska, saboda haka sukan saki gari marar nauyi, marar adadi, kamar yadda ƙaiƙayi ke tashi a masussuka in mata na sheƙar gero, ya faɗa wa na nesa wanda ko tsinke bai taɓa ba. Wannan garin ne hanci ke shaƙa, jiki ya ɗauke shi maƙiyi alhali ba shi da dafi, ya tayar da yaƙi a kan banza. Majina da kumburin ido duk ɓarnar yaƙin ce.

Mas'alar ba sabuwa ba ce. Tun 1873 wani likitan Mancesta, Charles Blackley, wanda shi kansa mai fama da larurar ne, ya tabbatar cewa garin fure ne sababinta bayan ya yi gwaji a jikinsa, har ya riƙa tura gilasai masu danƙo sama da kite, abin wasan nan da iska ke ɗagawa a kan zare, yana ƙirga abin da ya manne. Yanzu an san cewa garin itatuwa na yawo daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, na ciyawa ya karɓa har Yuli.

Abin takaici shi ne yadda mutane ke rarumar ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta suna afawa, ko su ƙaurace wa mai atishawa, ga ciwon da babu ƙwayar cuta a cikinsa, ba kuma a ɗaukarsa daga wani. Hukumomin birnin ma, da suka jera irin waɗannan itatuwa a tituna saboda jurewar hayaƙi, ban ga alamar sun yi shawara da hancin talaka ba.

Wanda ke son lambun ya duba hasashen garin fure da hukumar yanayi ke fitarwa kullum a lokacin murar, ya fifita fita bayan ruwan sama ya kwantar da ƙura, ya shafa ɗan basilin a bakin hanci, in ya koma gida ya yi wanka ya sake tufafi. Maganin da ya dace, wanda ke kwantar da borin jiki, ana samunsa a kantin magani ba sai da takardar likita ba.