Asalin "Hath" Da "Doth" A Cikin Turanci

Malaman makaranta da akawuna, daga Kazaure har Achilafiya, sukan ci karo da waɗansu kalmomi a tsofaffin littattafan Turanci da takardun yarjejeniya, kamar hath da doth da witnesseth. Waɗansu sukan zaci kuskuren ɗab'i ne. Waɗansu kuma sukan cusa su cikin wasiƙa don a ce sun ƙware. Duka biyu kuwa ba su dace ba.

Wannan ɗafi na -eth shi ne tsohuwar alamar fi'ili idan ana zancen mutum ɗaya, watau inda yau ake sa -s. Asalinsa ya girmi Turanci kansa. A 1786 wani alƙali Bature, William Jones, ya bayyana a Kalkata cewa Sanskirit na Indiya da Latin da Girkanci tushensu ɗaya. Turanci ma ɗan wannan gida ne. Dubi kalmar "yana ɗauka": Sanskirit bharati, Latin fert, tsohon Turanci beareth. Harafin t ɗin nan shi ne ya rikiɗe ya zama th.

To, ina -s ya fito? Daga arewacin Ingila. An gan shi tun ƙarni na 10 a cikin fassarar da aka rubuta tsakanin layukan Linjilar Lindisfan. Sannu a hankali ya gangaro kudu har ya ci Landan. Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ya yi amfani da duka biyu, amma Baibul na Sarki James na 1611 ya riƙe -eth. A 1643 wani malami, Richard Hodges, ya lura cewa mutane suna rubuta -eth amma -s suke furtawa. Hath da doth su suka fi daɗewa, don kullum suna bakin mutane.

Mu ma muna da irin wannan. Basakkwace yakan ce "munka" da "sunka", haka kuma suke a waƙoƙin malaman jihadi. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Hausar Kano aka bi, sai "muka" da "suka" suka zauna a takarda. Bambancin kawai, hath ya mutu a baki, "sunka" kuwa yana nan da ransa.

Saboda haka akawu ya rubuta has da does. Malami kuma, in yaro ya ce "sunka", ya koya masa ƙa'idar rubutu, amma kada ya ce masa Hausar iyayensa kuskure ce.