TAGA MAI LAUNI DA KWALI DA LEDAR ALAWA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk magidancin da ke zaman haya a Agege ko Sabo ta Ibadan ya san damuwar ranar Asabar. Ɗaki ɗaya ne, babu tsakar gida, yara kuwa in ba a ba su abin yi ba sai titi. To, ga wani aikin hannu da iyali za su yi tare, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Asalin aikin shi ne tagar gilashi mai launi, irin ta Masallacin Nasirul Mulk na birnin Shiraz a Iran, wanda aka gama a 1888. Ana yanka gilashi kala-kala, a haɗa shi da dalma ko katako, in rana ta bugo sai launi ya zubo cikin ɗaki. A nan Nijeriya marigayi Yusuf Grillo, wanda ya yi karatun zane a Zariya ya kuma koyar a Kwalejin Fasaha ta Yaba, ya yi suna a wannan sana'a.

A Ingila da Amurka gidajen adana kayan tarihi sukan shirya aji na iyaye da yara, inda ake kwaikwayon aikin da takarda. Mu ma babu abin da zai hana mu.

A samo kwali a shafe shi da baƙi, shi ne madadin dalma. Uba ya zana Dagin Arewa ko zanen hula, ya huda gurabe da reza, amma kada a bar reza a hannun yaro. Uwa ta dama sitaci, ko a sayi gam. Yara su yanka ledar alawa da almakashi su liƙa ta bayan kwalin. In sun ɗora rawaya a kan shuɗi za su ga kore ya fito. Sai a manna a tagar da ke duban gabas, a jira hantsi.

Rana takan sa launin ya koɗe, sai a sake sabo. Yaron da aka haifa a Ikko, bai taɓa ganin adon bangon gidajen Zariya da Kano ba, ta haka zai san shi, daga hannun mahaifinsa.