Motar Dizal da Karkarwar Asuba

Sai hunturu ya kankama, tsakanin Disamba da Janairu, mai motar dizal yake sanin ainihin abin da ya saya. Motar da ta iso daga Kwatano tana sheƙi, dillali ya tayar maka da ita da rana tsaka ka ji inji sumul, ita ce za ka murɗa wa makulli bayan sallar asuba ta yi ta tari, ta tashi da ƙyar, sitiyari na rawa, salansa na feso farin hayaƙi mai yaji a ido. Can bayan minti biyar ko goma sai ta lafa. Ka kai ta gareji da hantsi, bakanike ya kasa kunne ya ce, "Alhaji, ai motar nan lafiyarta ƙalau." Bai yi ƙarya ba. Injin da ya riga ya ɗau zafi ya saurara.

Injin da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tayar a Augsburg a 1897 ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na motar fetur. Iska yake zuƙa ya matse ta ninki goma sha biyar zuwa ashirin da wani abu, har zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Da asuba kuwa ƙarfen inji a sandare yake, yana shanye zafin kafin mai ya kama. Silindar da ke da ɗan rauni sai ta riƙa tsallake bugu, man da bai ƙone ba ya fita a matsayin farin hayaƙi. Wannan tsallaken ne kake ji a kujerarka. A Jos, inda sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 10, abin ya fi tsanani, amma ko na Kano da Zariya ya isa ya tona asirin inji. Masu cewa man ne ya daskare, maganar Turai suke yi. Sanyinmu bai kai can ba.

Hita za a fara dubawa, domin ita ce mafi araha kuma ita ta fi yawan laifi. 'Yan sanduna ne, ɗaya a kan kowace silinda, da ke yin jajir cikin 'yan daƙiƙoƙi idan ka buɗe makulli. A motocin zamani ba sa mutuwa da zarar inji ya tashi, sukan ci gaba da aiki har kusan minti uku don silo ya daidaita. Fitilar nan mai murɗaɗɗiyar waya a gaban direba kan kama ta mutu daidai ko da rabin hitocin sun ƙone, don haka kada ka kafa hujja da ita. Gwajin gida shi ne ka buɗe makulli, ka jira fitilar ta mutu, ka rufe, ka maimaita sau biyu ko uku kafin ka ba da kik. In ta tashi da sauƙi fiye da jiya, ka san inda za a nufa. Mai wayarin zai auna kowace hita da mita: lafiyayya takan nuna wajen om ɗaya, matacciya ba ta nuna komai. A tsohuwar Hilux ɗina biyu cikin huɗu aka samu matattu, bayan wani ya riga ya yanke mini kuɗin sauke famfon mai. A canza su gaba ɗaya, a kuma kwance su inji na da ɗumi, don in ɗaya ta karye a cikin kan inji, ƙaramin aiki ya zama babba. Batir ma a gwada shi, domin kik mai nauyi ba ya matse iska yadda ya kamata.

In hita lafiya, sai a koma hanyar mai. Tiyon roba da ya tsufa ko murfin filta da bai zauna ba yakan bar iska ta shiga cikin dare, mai ya sulale ya koma tanki, kuma ba lallai ka ga ɗigo a ƙasa ba. Yawancin motocin nan suna da ɗan famfon hannu a saman filta. Ka danna shi da safe har ya yi tauri, sannan ka tayar. In karkarwar ta ɓace, iska ce. A ƙasan filtar kuma akwai wurin zubar da ruwan da ya taru. Mutane da yawa har su sayar da mota ba su san da shi ba.

Nozul ne inda kuɗi ke fara fita, kuma a nan man da muke sha yake da hannu dumu-dumu. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoto kan dizal mai datti da ake kawowa Afirka ta Yamma. A lokacin Najeriya ta yarda da sinadarin salfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a 10. Ga kuma man jarka na bakin titi da ake sirkawa da kananzir, wanda ba shi da santsin da famfo da nozul ke buƙata. Tsofaffin injina irin na Marsandi 200D ko bas J5 sukan haɗiye wannan su wuce. Injinan zamani da ke da kwamfuta suna fesa mai da matsin da ya wuce bar 1,300, wasu har 2,000, kuma ba sa yafe ƙazanta. Nozul ɗin da ya ci, maimakon ya fesa mai kamar hazo sai ya riƙa tsiyaya, kuma manyan ɗigo ba sa kamawa a inji mai sanyi.

A tsohon inji, bakanike kan sassauta bututun kowane nozul ɗaya bayan ɗaya mota na silo. Wanda aka sassauta sauti bai canza ba, shi ne mai laifi. Kada ka bari a yi haka a injin kwamfuta, man yana iya huda fatar mutum. Can sai a jona 'yan kwalabe a auna man da kowane nozul ke mayarwa, a kuma sa na'urar bincike. Na'urar za ta nuna ko sensar zafin ruwa na yi wa kwamfuta ƙarya, tana cewa inji da ɗumi alhali a sanyaye yake, ko kuma bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji ya maƙale a buɗe saboda baƙin toka. Al'adar nan ta cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi, ita ma tsawaita wahalar safiya take yi.

Abin da kowa ke tsoro, wato ringi da silinda sun ci, shi ne na ƙarshe a layi. Alamarsa hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, shan baƙin mai, da huci mai ƙarfi in ka buɗe murfin zuba baƙin mai inji na aiki. Ƙurar hunturu da ke bi ta yagaggiyar filtar iska ce ke goge su a hankali. Amma ba a yanke wannan hukunci da kunne. Akwai ma'aunin matsi, kuma duk wanda ya ce a sauke inji bai auna ba, ka ɗauki makullinka. Fesa fetur a bakin iska don mota ta tashi kuwa, hanya ce ta fasa fistin.

Wanda zai sayi motar dizal ta hannu, ya ce wa dillali da asuba zai zo, ya ɗora hannu a kan inji ya tabbatar da sanyi kafin a tayar. Wanda kuma ya riga ya saya, ya bar ta ta kwana a gareji, ya zo da sassafe a tayar da ita a gabansa da gaban bakanike.