BABI NA UKU: ƘASUSUWAN DABBOBIN DAURI A ƘASAR SAKKWATO DA LABARIN RUWAN ƊUFANA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba dangantakar da ake ƙullawa tsakanin ƙasusuwan manyan dabbobin dauri, waɗanda Turawa ke kira dainaso, da labarin ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu (AS), wanda Kiristoci Hausawa ke kira ruwan Tsufana. Dalilin kawo batun shi ne, garin Danchadi da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari suna cikin wani makeken kwari da masana kimiyyar ƙasa suka tabbatar teku ya taɓa malala a cikinsa. Saboda haka ɗalibin da ya tsinci ƙumba ko haƙorin kifi a cikin dutse, a ƙasar da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, yana iya cewa ga shaidar Ɗufana nan. Idan kuma malamin kimiyya ya ce masa abin ya shekara miliyoyi, sai ya ɗauka dole ne ya ƙaryata ɗaya, ko malamin zaure ko na boko.

3.1 Abubuwan da Aka Tono

A shekarar 1930 wani masani Bature mai suna W. E. Swinton ya yi bayanin wasu ƙasusuwa da aka samo daga lardin Sakkwato, ya nuna cewa na wata babbar dabbar teku ce. Daga baya wasu masana 'yan ƙasar Italiya, ƙarƙashin jagorancin Augusto Azzaroli, suka samo ƙarin ƙasusuwanta a yankin Goronyo, kuma a 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus nigeriensis. Ya kamata a lura cewa wannan dabba ba dainaso ba ce, duk da cewa zamaninsu ɗaya. Dangin damo da guza ce, amma a teku take rayuwa. Haka kuma an samu ƙasusuwan wani kada da aka kira Sokotosuchus a 1975, da na kififiya, da haƙoran kifaye iri-iri.

Su kuwa dainaso na ainihi, an fi samun su a arewacin wannan kwari, wato a Jamhuriyar Nijar. A Gadufawa ta jihar Agadas ne Philippe Taquet, mutumin Faransa, ya tono Ouranosaurus, wanda ya yi bayaninsa a 1976. Haka nan Paul Sereno na Amurka ya bayyana Suchomimus a 1998, da Nigersaurus da Jobaria a 1999. Ita Jobaria an samo ta ne a yankin Ingal, an kuma ciro sunanta daga Jobar, wani dodo na tatsuniyar Abzinawa. Wannan ya nuna tun kafin zuwan masana, mutanen yankin na da nasu bayani a kan ƙasusuwan.

3.2 Ra'ayin Masu Danganta Su da Ɗufana

Tushen wannan ra'ayi lissafi ne. A shekarar 1650 wani limamin Kirista, James Ussher, ya bi shekarun zuriyar da aka jera a Littafin Farawa, ya yanke cewa an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ruwan kuma ya sauka a wajen 2349. Duk wanda ya riƙi wannan lissafi, dole ya ce dainaso sun zauna tare da mutane. A 1961 John Whitcomb da Henry Morris suka fitar da littafi mai suna The Genesis Flood, inda suka ce ruwan ne ya binne dabbobin, ya kuma shimfiɗa duwatsun da ake ganinsu a ciki. Mabiyansu sun ƙara da cewa 'ya'yan dainaso ƙanana aka sa a jirgi. A 2016 ma an buɗe wani samfurin jirgin a jihar Kentaki ta Amurka, da siffofin dainaso a cikin kejina. Sai dai ba dukkan Kiristoci ne suka yarda da wannan ba. Da yawa suna ganin kwanakin halitta zamunna ne masu tsawo.

3.3 Shaidar Duwatsun Sakkwato

Duwatsun wannan kwari a jere suke hawa-hawa, kuma an sa wa kowace shimfiɗa sunan garin da ta fi bayyana. Daga ƙasa zuwa sama akwai ta Taloka, da ta Dukamaje, da ta Wurno, sai ta Dange, da ta Kalambaina, da ta Gamba, sa'an nan ta Gwandu. Ta Taloka da ta Wurno galibinsu rairayi ne da tsakin laka. Ta Dukamaje da ke tsakaninsu lakar teku ce, kuma a cikinta aka samu Goronyosaurus. Ta Dange, wadda ta ci sunan garin Dange na maƙwabtan Boɗinga, ita ma lakar teku ce. Ta Kalambaina kuwa farin dutse ne da ya taru daga ɓawon halittun ruwa, shi ne ake haƙa don yin siminti a Kalambaina tun 1967.

Abubuwa uku ne ke fitowa daga wannan jeri. Na farko, teku ya shigo, ya janye, ya sake dawowa, alhali Littafin Farawa ya nuna zaman cikin jirgi bai wuce kimanin shekara guda ba. Na biyu, dangin Goronyosaurus ba su bayyana a shimfiɗar Dange ba, amma kadoji da kifaye sun ci gaba. Wannan ya dace da ƙarewar dainaso da manyan dabbobin teku irin wannan shekara miliyan 66 da suka wuce. Da ruwa guda ne ya binne su, da an same su a cakuɗe. Na uku, ba a samu ƙashin mutum ko na saniya ko tsingaron tukunya a cikin waɗannan shimfiɗu na teku ba.

3.4 Matsayin Nassi

Alƙur'ani mai girma ya kawo ƙissar a surori da dama, musamman Suratu Hud da Suratu Nuh, ya kuma ambaci dutsen Judi a matsayin inda jirgin ya tsaya. Amma bai faɗi shekarar da abin ya faru ba, bai kuma ƙayyade shekarun duniya ba. Shi ma Littafin Farawa bai rubuta shekara ta 4004 ba, Ussher ne ya lissafo ta. Dangane da faɗin ruwan, mafi yawan malaman tafsiri na da sun tafi a kan cewa ya game duniya, amma Shaihu Muhammad Abduh na Masar, wanda ya rasu a 1905, ya nuna babu yankakken nassi a Alƙur'ani a kan haka.

3.5 Naɗewa

Bisa ga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa tekun da ya bar ƙumba da ƙasusuwa a ƙasar Sakkwato daban yake da ruwan Ɗufana, kuma ya riga shi da miliyoyin shekaru. Saɓanin da ake gani yana tsakanin duwatsun ne da lissafin Ussher. Saboda haka ɗalibin Danchadi na iya riƙe ƙissar Annabi Nuhu (AS) kamar yadda ya karanta ta a zaure, ya kuma karɓi shekarun duwatsun kamar yadda aka koya masa a aji. A babi na gaba za a duba sunayen da ya kamata a ba waɗannan halittu a Hausa domin koyarwa.