Shi masani, ita mayya

A ranar 8 ga Maris, 2022, Nicola Sturgeon, shugabar gwamnatin Sukotland ta lokacin, ta nemi gafara a hukumance kan mutum wajen 4,000 da aka tuhuma da maita a ƙarƙashin dokar 1563. Masu yi wa maganar dariya, wai mene ne amfanin ba matattu haƙuri, ba su tsaya sun tambayi su wa aka kama ba. Fiye da kashi 80 cikin ɗari mata ne, da yawansu talakawa.

Ɗauki Agnes Sampson, ungozoma mai ba da magani. Aka ce da hannunta a guguwar da ta taso wa jirgin ruwan Sarki James na Shida na Sukotland a hanyarsa ta dawowa daga Denmak. Sarkin da kansa ya yi mata tambayoyi. An aske ta ƙwal, an ɗaure mata kai da igiya ana murɗawa, har ta amsa laifin, sannan aka shaƙe ta aka ƙone gawar a Edinbura a 1591. A wancan zamanin kuwa, a maƙwabciyarsu Ingila, akwai John Dee mai duban taurari, wanda ke kallon dutse mai ƙyalli yana cewa yana zance da mala'iku. Shi ya zaɓa wa Sarauniya Elizabeth ranar naɗinta a 1559. Yana da ɗakin littattafai, yana da uwar ɗaki a fada, ya tsufa ya mutu ba wanda ya ƙone shi. Marubuta ma haka suka raba: Merlin mai sihiri mashawarcin Sarki Arthur ne a tatsuniya, mayu mata uku na wasan kwaikwayon Macbeth kuwa suna daji suna juya tukunya.

To, kada mu yi saurin zagin Turawa. A Yulin 2020 aka yi wa Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, dukan mutuwa bisa zargin maita a Kafaba ta arewacin Gana, mutane na tsaye suna kallo. A unguwanninmu, boka ana kai masa rago da baƙar kaza, manya na zuwa wurinsa da dare. Tsohuwar da mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji mai tsaya mata, ita ake jawowa da rana tsaka a ce ta tsallaka yaron da zazzaɓi ya sa yake sambatu da sunanta.

Masu unguwanni da limamai, ku ake fara kai wa ƙarar nan. Ku ce a kai yaron asibiti, wanda ya taɓa tsohuwar kuma a miƙa shi ga 'yan sanda.