Kumburin 'Yan Aljihunan Babban Hanji

Daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya sanya a jikin ɗan Adam akwai babban hanji, wanda aikinsa shi ne tsotse ruwa daga ragowar abinci kafin a fitar da ita. Sai dai idan shekaru suka ja, bayan gida kuma ya riƙa yin tauri har sai an yi yunƙuri, fatar cikin hanjin takan ɓullo ta wuraren da naman bangonsa yake da rauni, kamar yadda tub ɗin keke yake leƙowa ta inda taya ta ci, ta zama 'yan aljihuna. A Ingila da Amurka kusan rabin waɗanda suka haura shekara 60 suna da su, alhali galibinsu har su koma ga Mahaliccinsu ba za su sani ba.

Illar tana zuwa ne ranar da ɗaya daga cikin aljihunan ya kumbura, abin da likitoci suke kira dibatikulaitis: ciwo ya kafe a ƙasan ciki ta hagu, da zazzaɓi, da tashin zuciya. Mai sauƙi yakan lafa da hutu da abinci mai ruwa-ruwa, wani lokaci da maganin ƙwayoyin cuta. Amma idan ya tara mugunya, ko ya fashe cikin ciki, ko ya huda hanya zuwa mafitsara, to, wajibi ne a garzaya asibiti, domin la'alla sai an yi tiyata.

A shekarar 1971 Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya daɗe yana aiki a Uganda, tare da wani likita, Neil Painter, suka kafa hujja cewa sababin cutar shi ne ƙarancin dusa da ganye a cimar Turawa, tunda da wuya a gan ta a ƙauyukan Afirka. Masanan baya sun ƙara da ƙiba, da shan taba, da yawan jan nama, da gado. Duk da haka, a ganina, maganar tasu ta shafe mu a yau, da burodi da farar shinkafa da taliya suke ture tuwon dawa da wake da kwaɗon zogale daga akushin mutanen birni.

Amma hanin da aka daɗe ana yi wa masu aljihunan ga cin gyaɗa da gugguru, wai kada su maƙale a ciki, wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2008 bai same shi da madogara ba.