Daga lofen kakanni zuwa tukunyar shisha: yadda ake lalata su da yadda ake kula da su

'Yan uwa mazauna Kudu, na Agege da Idi-Araba, na Sabo a Ibadan da Shagamu, na Ama Hausa a Owerri, da abokan sana'armu na Kara da Lokpanta.

Yau maganar tukunyar taba zan yi, tsohuwa da sabuwa. Tsohuwar ita ce lofe da dattawa ke busawa, sabuwar kuma tukunyar shisha da ta cika ɗakunan samari. Ni ɗan Mubi ne, mahaifina fataucin shanu yake yi, ni kuma nakan raka kaya zuwa Kudu. Ba na shan taba, kuma ba talla na zo yi mata ba. Amma tsakanin kasuwar shanu ta Mubi da zangon Kudu na ga masu tattalin wannan kaya, na kuma ga masu wulaƙanta shi har ya juyo ya cuce su, ya cuci wanda ke zaune kusa da su.

Daga ina lofe ya fito?

Taba ba 'yar ƙasarmu ba ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Afirka ta Yamma wajajen shekarar 1600. A 1607 ma babban malamin Timbuktu, Ahmad Baba, ya yi rubutu a kan hukuncinta, alamar ta riga ta shiga hannun mutane ke nan. A wancan lokaci babu sigari. Ko dai a daka ganyen da kanwa a zuba a batta, ko a cusa shi a lofe a ɗora garwashi. Sai daga baya masana'antun sigari suka zo, na Ibadan a 1937, na Zariya a 1959, lofe ya ja baya ya koma hannun tsofaffi.

A wajenmu, cikin duwatsun da suka bi ta Mubi, Michika da Madagali har cikin Kamaru, lofe iri biyu na fi gani wurin dattawan da ke saukowa kasuwa: mai kan yumɓu da mai kan tagulla, kowanne da dogon bututu na kara ko na icce. A Fumban ta Kamaru kuwa, ƙasar Bamun, lofen tagulla mai zane kayan sarauta ne. Akwai kuma na Turawa, wanda ake sassaƙawa daga saiwar wani icce da ke fitowa a bakin tekun Bahar Rum. Garin Saint-Claude na Faransa ya yi suna da shi tun wajajen 1850. Shi ne za ka gani wurin wasu tsofaffin ma'aikata.

Yadda ake kashe lofe

Na farko, bugu. Mutum ya gama sha, sai ya ƙwanƙwasa kan lofen a dutse ko a ƙarfen tirela don toka ta fita. Yumɓu ba ya jure wannan. Tsaga ce siririya za ta fara shiga, ido ba ya gani, ran nan kawai kai ya rabe biyu. A tafin hannu ake juye toka, a hankali, ko a kwashe ta da tsinke.

Na biyu, zafi da sanyi lokaci guda. Lofe na zafi a tsoma shi a ruwan sanyi, dole ya tsage, kamar yadda tukunyar ƙasa ke yi. A bar shi ya huce da kansa. Na Turawa ma ba a zare bututunsa yana da zafi, don mahaɗar takan saki ko ta karye.

Na uku, barin dauɗa. Hayaƙin taba yana ɗauke da danshi da wani baƙin danƙo kamar kwalta. Shi ne ke taruwa a cikin bututu, ya toshe hanya, ya yi ɗaci da wari, har ya riƙa gangarowa bakin mai sha. Dattawa gashin kaza ko siririn tsinke suke zurawa bayan kowane sha. Kan yumɓu idan ya sha dauɗa sosai, sai a cire bututun, a binne kan shi kaɗai cikin garwashi ya ƙone, a bar shi ya huce a cikin tokar. Na icce ba a yi masa haka, kuma ba a jiƙa shi. Baƙin ɓawon da ke taruwa a cikinsa ana barin kaɗan, kamar kaurin kwabo, yana kare iccen daga wuta. In ya yi kauri da yawa a kankare, don idan ya ɗau zafi yana buɗewa ya fasa kan.

Na huɗu, rashin hutu. Lofen da aka sha safe, rana da dare bai samu ya bushe ba. Shi ya sa wani dattijo abokin cinikin mahaifina yake da biyu, yau wannan gobe wancan. Na taɓa tambayarsa, na ce, "Baba, me ya sa ba ka bari ɗaya ya mutu kafin ka ɗauko ɗayan?" Ya ce, "Yaro, ko san noma ba a ɗaura masa garma kullum."

Matsalar Kudu: laima

Ga abin da ya fi shafar ku. A Arewa hunturu ne abokin gaba, yana busar da bututu har ya tsage, shi ya sa ake ɗan shafa masa man shanu ko man gyaɗa ta waje. A Legas da Fatakwal kuwa laima ce. Ka ajiye lofe da dauɗarsa cikin leda ko ƙasan akwati, kafin damina ta wuce funfuna ta cika bututun. Tagulla kuma ta yi koren tsatsa, wadda bai kamata ta shiga cikin mutum ba. Maganinta lemun tsami da toka, a goge, a ɗauraye, a shanya ya bushe sarai. A naɗe shi a ƙyalle, ba a leda ba, a rataye inda iska ke ratsawa.

Wanda ya gaji lofen kakansa, ko ba ya sha, ina roƙonsa ya yi masa wannan hidimar. Lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi a watan Oktoban 2014, mutane da kayan jikinsu kawai suka fita. Abin da ya tsira na tsofaffi ba shi da yawa, kuma masu ƙera irinsa suna ta raguwa. Kada a bai wa yara su yi wasa da shi, kada a sayar wa 'yan gwangwan a kilo.

Tukunyar shisha

To, samari, ga taku. Shisha ma lofe ce, sai dai hayaƙinta ta cikin ruwa yake bi. Abin da nake gani a ɗakunan 'yan uwa a zango, wallahi ba daɗin faɗa: ruwan kwana uku a kwalba ya koma ruwan ƙasa, tiyo ɗaya yana zagaya bakin mutum shida, ga ƙofa da taga a rufe.

Ruwan a zubar bayan kowane zama. Kwalbar a wanke da lemun tsami da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, don gilashi na fashewa. Ƙarfen tsakiya a zura masa buroshi. Tiyo iri biyu ne: na roba zalla ana wanke shi a rataye ya tsane, mai waya a ciki kuwa ruwa na sa shi tsatsa, kuma garin tsatsar ƙirjinka zai tafi. In ka busa ka ga baƙin gari na fita, yar da shi.

Baki kuma kowa ya riƙe nasa. Miyau da numfashin wani suna iya kawo maka cuta, daga mura da ƙurajen baki har tarin fuka, balle a ɗakin da aka cunkushe. Gawayin da ke kai yana fitar da iska mai guba, kabon monoksaid, irin ta hayaƙin janareta. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai da jiri da wasu ke cewa "ta kama ni" sau da yawa ita ce, kuma tana sumar da mutum, tana kisa. Sannan garwashin da aka zubar bai mutu ba, a wurin da ke cike da ciyawar shanu, buhuna da rumfunan katako, kun san abin da zai iya jawowa. A kashe shi da ruwa ko a rufe da ƙasa.

Abin da wanki ba ya fitarwa

A nan ne mutane ke ruɗin kansu. Wanki yana kare tukunya, yana rage cutar da ake ɗauka daga bakin wani. Gubar tabar kanta tana nan. Ruwan shisha sanyaya hayaƙi yake yi, ba ya tace shi yadda ake zato. Tun a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa zaman shisha na awa ɗaya, hayaƙin da mutum ke zuƙa ya kai ninki 100 zuwa 200 na karan sigari ɗaya. Mai lofe ma da ke cewa shi ba ya haɗiye hayaƙi, leɓensa, harshensa da maƙogwaronsa suna cikin hatsarin ciwon daji. Hukumar ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a duniya duk shekara.

Ga kuma doka. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da ta lissafa. Jihar Legas tana da tata tun 2014. Kenya da Ruwanda sun haramta shisha a 2017, Kano ta sanar da nata haramcin a 2021, Kamaru a 2022. Mu baƙi ne a garuruwan mutane, kada tukunya ta ja mana abin da za a ce "Hausawa ne".

Shawarata ga mai sha: ka tsaftace kayanka, kada ka ba wani bakinka, ka buɗe taga, ka nisanci mata da yara, ka kuma fara tunanin ranar ajewa. Idan tari ya wuce mako biyu, ko wani miki a baki ya ƙi warkewa, a je asibiti, kada a tsaya shan jiƙo. Wanda bai fara ba kuma, ya bar lofe a rataye a matsayin kayan tarihi.

Allah ya ba mu lafiya, ya tsare mu a inda muke neman abinci, ya mai da kowa gida lafiya. Amin.